Koya wa ƙaramin yaro zuwa bayan gida ba tare da po ba

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa ana saida wata ƴar tasar roba da ake kira po, wadda ƙananan yara ke zama bisa su yi kashi. Tana da amfani, amma ba kowane gida ke da ita ba, kuma ba a tafiya gona da ita. Rashinta ba ya hana yaro ya koyi tsabta. Abin da ake bukata shi ne haƙuri, da sanin lokaci, da kai kashin inda ya dace.

Kashin yaro ba ruwa ba ne

Mutane da yawa na cewa kashin ƙaramin yaro ba ya da illa, tunda nono da kunu kaɗai yake sha. Wannan kuskure ne. Kashin yaro na ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, sau da yawa ma ya fi, domin yara su ne suka fi yawan zawo da tsutsar ciki. Kuma babba yakan yi nisa da gida, shi kuwa yaro a tsakar gida yake tsugunawa, kusa da murhu da turmi da randa.

Daga nan cuta ke bin hanyoyinta. Ƙuda ya sauka bisa kashi ya koma bisa fura. Kaza ta taka ta hau tabarma. Jariri mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baka. Ruwan sama ya kwashe sauran ya kai tabki ko bakin rijiya. Ta haka ake kamuwa da zawo, da atuni, da kwalara, da shan inna, da tsutsar ciki. Akwai tsutsar da ke shiga jiki ta tafin ƙafa idan an taka ƙasa mai ƙazanta ba takalmi, ta riƙa shan jinin yaro. Ƙudan da ke sauka bisa idon yara yana yaɗa amosanin ido, shi ma cikin kashin mutum da aka bari a fili yake hayayyafa.

Yaushe za a soma?

Yawancin yara na iya soma koyo tsakanin wata 18 da shekara 3. Kowane yaro da lokacinsa. Ga alamomin da uwa za ta duba:

1. Yana tafiya da ƙafarsa, yana iya tsugunawa ya tashi.
2. Yana yin kamar awa 2 bai yi fitsari ba.
3. Yana nuna alama kafin ya yi: ya tsaya cik, ya yi nishi, ko ya ɓuya bayan ɗaki.
4. Yana gane ƙaramar magana kamar « zo nan » ko « tsuguna ».

Kada a soma lokacin da yaro ba ya da lafiya, ko cikin kwanakin yaye, ko sa'ad da aka yi masa ƙane. Canji biyu a lokaci guda sun yi masa yawa.

Mataki na farko: bisa ƙafafun uwa

Wannan dabara ta kakanninmu ce, kuma mai kyau ce. Uwa ta zauna bisa kujera, ta miƙe ƙafafunta, ta ɗan buɗa su, ta zaunar da yaro bisa ƙwaurinta yana dubanta, tana riƙe da hannuwansa. Gyara ɗaya za mu ƙara: kada kashin ya faɗi bisa ƙasa tsirara. A aje tsingaro ko sakaina da ɗan yashi ko toka a ƙarƙashi, yadda za a ɗauke shi gaba ɗaya a zuba cikin masai.

Ciki yakan motsa bayan an ci abinci. Saboda haka a zaunar da yaro da safe in ya tashi, da bayan ya sha kunu ko ya ci tuwo, da kuma kafin ya kwanta. Minti 5 ya isa. In bai yi ba, a sake shi ya tafi wasa. A zaɓi kalma guda da kowa zai riƙa faɗa masa, uwa da kaka da yayye, don kada ya rikice.

Mataki na biyu: ya tsuguna da kansa

Idan ƙafafunsa sun yi ƙarfi, a keɓe masa wuri guda kusa da masai, nesa da madafa da randa. A gina ɗan rami mai zurfin taƙi guda, a sa bulo biyu ko duwatsu masu faɗi inda zai aza ƙafa. In ya gama, a kwashe nan take da hauya a zuba cikin masai, a barbaɗa toka a wurin. A sa masa wando mai sauƙin cirewa.

Mataki na uku: cikin masai

Yara na tsoron masai saboda duhu da baƙin rami, kuma suna da gaskiya. Masai mai babban baki ko ruɓaɓɓen icce na iya halaka yaro. Nan aikin maigida yake: ya gyara daɓen, ya rage bakin ramin yadda yaro ba zai iya faɗawa ba, ya yi masa marfi. Babba ya raka yaro ya riƙe hannunsa, da rana tukuna. Kada a bar shi ya shiga shi kaɗai sai ya girma ya saba.

A gona da damina

In ana aikin gona, a gina rami da hauya, yaro ya yi ciki, a rufe da ƙasa a take. A yi nesa da rijiya da tabki da garka, aƙalla metir 30. Ɗanyen kashin mutum ba taki ba ne.

Tsarki da wankin hannu

A yi wa yaro tsarki da buta a bakin masai, don ruwan ya faɗa ciki. Ga ɗiya mace, a wanke daga gaba zuwa baya, don kada ƙazanta ta shiga mafitsara. Bayan haka uwa da yaro su wanke hannu biyu da sabulu. In babu sabulu, a cuɗa da toka mai tsabta. Ruwa kaɗai ba ya isa.

Ban da duka, ban da tsawa

Yaro zai yi kuskure sau da yawa. In aka buge shi ko aka yi masa dariya, sai ya riƙa ɓuya ko ya riƙe kashi. Kashin da aka riƙe yakan yi tauri, ya yi zafi wajen fita, tsoro ya ƙaru. In ya yi daidai, a yaba masa a gaban ƴan gida. Fitsarin kwance kuwa yakan daɗe. Har shekara 5 ba abin damuwa ba ne, kuma ba da gangan yaro ke yi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Yaushe za a tafi gidan likita?

A kai yaro in an ga jini cikin kashinsa, ko yana kuka wajen fitsari, ko zawo ya zo da amai da zazzaɓi, ko idanunsa sun faɗa ya ƙi shan ruwa. Da zawo ya soma, a dama ƙunshi guda na gishirin zawo, wanda ma'aikatan lafiya ke kira SRO, cikin litir guda na ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. A ci gaba da nono da abinci. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Ina ake zuba kashin yara a gidanku?
2. Ta waɗanne hanyoyi cuta ke tashi daga kashi ta kai baki?
3. Bakin masanku ya dace da ƙaramin yaro? In bai dace ba, wa zai gyara shi, kuma wace rana?