Hukunci Daidai da Laifi

A ce mutum biyu sun yi faɗa a kan iyakar gona, ɗaya ya ɗaga fartanya ya karya wa ɗayan hannu. Kafin magariba labari ya game gari. Duk wanda ya ji zai ce, "Lalle a hukunta shi." In ka tambaye shi dalili, ba zai yi dogon bayani ba. Cewa zai yi, "Ai ya yi laifi."

Masana shari'a suna kawo dalilai da dama na hukunta mai laifi. Akwai tsoratar da na baya, akwai gyaran hali, akwai raba jama'a da sharrin mugu. Amma amsar nan ta mutanen gari tana ɗauke da wani dalili daban, mai tsohon tarihi. Ana hukunta mutum ne domin ya cancanci hukunci: ya ci haƙƙin wani, sai ya biya. Wannan ita ce sakayya.

Sakayya tana tafiya da awo. Wanda ya ranci mudu ɗaya na gero, mudu ɗaya zai mayar, ba buhu ba. Haka hukunci yake. Bai kamata ya gaza laifin ba, bai kuma kamata ya wuce shi ba. Mutane sukan riƙe kashin farko na wannan magana su manta da na biyu, alhali na biyun ne ke hana gari ƙonewa.

Wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an yi wani sarki a Babila, cikin ƙasar Iraƙi ta yau, mai suna Hammurabi. Ya sa an sassaƙa dokoki kimanin 282 a jikin wani dogon baƙin dutse. An tono dutsen a Susa ta ƙasar Iran a 1901, yanzu kuma yana gidan tarihi na Louvre a birnin Paris. Dokokin sun ce wanda ya tsiyaye idon wani, a tsiyaye nasa. Wanda ya karya ƙashin wani, a karya nasa. To amma awon Hammurabi yana da tawaya babba. Idan idon bawa aka tsiyaye, rabin kuɗin bawan kawai za a biya. Idan magini ya yi gini maras ƙwari, ya rushe ya kashe ɗan mai gida, ɗan maginin ake kashewa. Yaron nan me ya yi? Wannan zalunci ne, ko da sunan doka aka yi shi.

Ƙa'idar ramawa daidai wa daida ta zo a Attaura, cikin Littafin Fitowa sura ta 21. Alƙur'ani mai girma ya ambace ta a Suratul Ma'ida aya ta 45, ya kuma shar'anta ƙisasi a Suratul Baƙara aya ta 178 da ta 179. Mai karatu zai iya ganin tsananin hukuncin ya yi yawa. Sai dai ya tuna yadda Larabawa suke kafin Musulunci. Idan aka kashe mutum ɗaya daga ƙabila mai ƙarfi, sai su ce ransa ba ya biyuwa sai da rayuka masu yawa. Ana ba da labarin yaƙin Basus tsakanin ƙabilun Bakar da Taglib, wanda ya taso a kan taguwa ɗaya, aka yi shekara 40 ana zubar da jini. Ƙisasi ya zo ya ja layi: rai ɗaya da rai ɗaya, kuma ran wanda ya yi kisan, ba na ƙanensa ko na ɗan garinsu ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, an yi wa wannan hukunci shinge ta kowane gefe. Ba a yi wa yaro ko mahaukaci ƙisasi. Ba a yin sa a kisan kuskure. A nan diyya ake biya, raƙuma 100 ko dinari 1000 na zinariya, dangin mai kisan na wajen uba su haɗu su biya cikin shekara 3, shi kuma ya yi kaffara. A kisan ganganci, magadan mamaci suna da ikon su nemi ƙisasi a gaban alƙali, suna kuma da ikon su yafe, ko kyauta ko a kan diyyar da aka yi sulhu a kanta. Shari'a ta kwaɗaitar da yafiyar. Duk da haka, in sun yafe, mai kisan ba ya tafiya haka nan. Ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara 1, saboda jama'a ma suna da haƙƙi a kansa. Kisan gilla kuwa, wato a yaudari mutum a kashe shi don a ƙwace dukiyarsa, babu damar yafiya a cikinsa.

Turawa ma sun yi ta muhawara a kan wannan batu. Wani masani ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya rubuta a 1764 cewa amfanin hukunci shi ne hana laifi nan gaba, ya kuma yi adawa da hukuncin kisa. Immanuel Kant na Jamus ya ɗauki wata hanyar a 1797. A ganinsa, ba daidai ba ne a azabtar da mutum don kawai wasu su ɗauki darasi. Laifinsa ne kaɗai zai halatta a taɓa shi. Maganar Kant tana da ƙarfi a nan. In tsoratarwa ce kaɗai manufa, ai ana iya kama marar laifi a hukunta shi a bainar jama'a, mutane kuma su tsorata. Abin da ke hana haka shi ne tambayar sakayya: shi ne ya yi? In shi ne, me ya cancanta?

Wannan tambaya ce ta raba hukunci da ramuwar gayya. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma gaskiya suka faɗa, domin mai fushi ba ya awo. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, taron jama'a ya kashe matafiya 16, yawancinsu mafarauta masu komawa gida Kano, bisa zargin da babu kotun da ta saurara. Irin wannan na faruwa a kasuwanninmu ma, da zarar an yi ihun "Ɓarawo!" Haka yake a ƙauyukan da ake kai wa hari don wani daga cikinsu ya yi ɓarna, a ƙone rumbun wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Masu yin haka sukan ce haƙƙi suke ƙwatowa. Ba haka ba ne. Sabon laifi suka yi, su ma sun cancanci hukunci.

Shi ya sa zartar da hukunci yake hannun hukuma. A arewacin Nijeriya ana aiki da kundin dokar laifuffuka da ya fara aiki a 1960. Daga shekarar 2000 kuma, jihohi 12, Zamfara a kan gaba, suka ƙara da dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci. Sashe na 36 na tsarin mulkin ƙasa ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa, kuma dole a ba shi damar kare kansa. Ba a hukunta mutum a kan abin da rubutacciyar doka ba ta kira laifi ba.

Saboda haka, idan an cuce ka, kai ƙara wurin 'yan sanda ko kotu, ka tafi da shaidunka. Idan rauni aka ji maka, je asibiti ka karɓi takardar likita, ka adana ta. Idan kai ake tuhuma kuma ba ka da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba da agajin shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana ba talakawa lauya kyauta. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma a manyan shari'o'i ana iya kaiwa har Kotun Ƙoli a Abuja. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, don haka a tambayi magatakardan kotu tun ranar da aka yanke hukuncin.