Wa'adin Tsohuwar Waya da Tsohuwar Kwamfuta

Duk shekara, idan aka kawar da amfanin gona a Likoro da Hunkuyi da Kudan, aka sayar da rake da mazarƙwaila da barkono, kuɗi suka ɗan zauna a hannu, za ka tarar magidanta da samari sun nufi Sabon Garin Zariya, wasu ma har kasuwar Farm Centre ta Kano, domin sayen waya ta hannu, ko kwamfutar gwanjo wadda ɗan makaranta zai yi karatu da ita. Mai saye yakan duba gilashi ko ya tsage, ya gwada batir, ya kunna sauti ya kara a kunne, in duk sun yi masa sai ya ƙirga kuɗi ya biya. Amma akwai wani aibi wanda ido ba ya ganinsa, shi ne kuwa maƙasudin wannan darasi.

Ka sani, ya kai mai karatu, kowace na'ura irin wannan abu biyu ne aka haɗa: akwai ƙarfen da kake riƙewa, akwai kuma babbar manhajar da ke tafiyar da shi, wadda a yawancin kwamfutoci ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, a yawancin wayoyinmu kuwa Android ta kamfanin Google. Da yake manhaja aikin ɗan Adam ce, ba ta rasa kafa, masu kutse kuwa ba su da sana'a dare da rana illa neman wannan kafa. Saboda haka lokaci lokaci kamfani yakan aiko da gyara ta intanet, shi ne ake kira sabuntawa. Misalinsa kamar yaɓen katangar ƙasa ne kafin damina: shekarar da aka daina, katanga ba za ta faɗi ran nan ba, amma ruwa ya sami hanya ke nan.

To, kamfani ba ya ɗaukar wannan ɗawainiya har abada, wa'adi yake yankawa. Windows XP ta fito a 2001, aka janye hannu daga gare ta ran 8 ga Afrilu, 2014. Windows 7 ta bi bayanta a Janairun 2020, sa'an nan wa'adin Windows 10 ya cika ran 14 ga Oktoba, 2025. Hujjarsu ita ce biyan ma'aikatan da za su riƙa kula da tsohon abu yana cin dukiya, wannan kuwa gaskiya ne. Amma ba ya ɓuya ga mai hankali cewa suna kuma son a sayi sabo. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, Windows 11 ba ta yarda ta hau galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018, alhali kuwa da yawansu lafiyarsu lau, kuma irinsu ne ofisoshin Turai da Amurka ke sallamawa, su biyo jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan su iso kasuwanninmu.

Kada a ɗauka illar ƙarama ce. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da ɗari, ta nemi kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka ɗage ganin marasa lafiya. Waɗanda ta kama kuwa na'urori ne da gyara bai kai gare su ba. A wajen waya ma haka abin yake, domin WhatsApp ya daina aiki a tsofaffin Nokia da BlackBerry, kuma tun Oktoban 2023 ya ƙi duk wayar da Android ɗinta bai kai lamba 5 ba.

Saboda haka, kafin ka biya, sai ka ce wa mai shago ya buɗe saitin wayar, ya gangara ƙasa inda aka rubuta bayaninta, ya nuna maka lambar Android da watan da aka yi mata gyaran tsaro na ƙarshe. In ka ga an shekara biyu ko uku ba a yi ba, to, ka san abin da kake saye, ka kuma nemi ragi. Mai shago shi ma wajibi ne ya faɗi gaskiya, gama malamanmu na fiƙihu sun bayyana cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da ita.

Wanda kuwa ya riga ya mallaki tsohuwa, kada ya jefar. Waya ta yi kira, ta kama rediyo, a saurari karatu da ita, sai dai kada a ɗora mata manhajar banki. Kwamfuta kuma a kwashe takardu da hotuna a filas tukuna, sa'an nan a kai wa mai gyara amintacce ya sa mata babbar manhajar Linux a madadin Windows, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ake bayar da su, kuma manyan fitowarsu ana kula da su shekara biyar. Ladan aikin mai gyaran kaɗai za ka biya.