Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi a Kan Kwanakin Jidda da Tsibiran Bahar Maliya

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore mana tudu da teku, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa matasa, darasinmu na wannan fitowa tambaya ce ta haife shi. Wasu daga cikinku sun shiga adashi domin zuwa umra a hutun Disamba, kuma sun ga hotunan shuɗin ruwa da farin rairayi a wayoyinsu, sai suka tare mu bayan darasin Larabci suna cewa: "Malam, ya halatta mutum ya ƙara 'yan kwanaki a Jidda, ya shiga kwalekwale, har ya ziyarci tsibiri?" Amsa ita ce ya halatta, matuƙar an kiyaye salla da sutura. Kallon teku ma abin tunani ne ga mai hankali. Abin da yake damunmu ba halaccin ba ne. Abin da yake damunmu shi ne mutum ya tara kuɗi shekara biyu, ya san ranar tashinsa da ranar dawowarsa, amma bai san abin da zai yi a tsakaninsu ba.

Mu ma mun ɗanɗana. A shekarar 2023 mu huɗu muka tafi, muka ware kwana 3 na ƙarshe domin Jidda. Ranar farko barci ya cinye ta. Ta biyu Juma'a ce, muka fita kasuwa da hantsi muka tarar da shaguna a rufe. Ta uku muka isa wurin kwalekwale da rana tsaka, masu fita sun fita tun safe. Da muka tambayi mai tasi ko zai kai mu tsibirin Farasan mu dawo kafin isha'i, sai da ya yi dariya har da buga sitiyari. Muka dawo gida da dabino da zamzam, teku kuwa ta tagar mota muka fi ganinsa. Babu wanda ya cuce mu. Mu ne muka tsaya fafe gora ranar tafiya.

Tun da darasin Larabci ne ya haɗa mu, bari mu fara da kalmomi. Safar ita ce tafiya, kuma ita ce kalmar da littattafan fiƙihu suke amfani da ita. Rihla tafiya ce mai manufa, kamar ta neman ilimi ko ta buɗe ido. Bahar shi ne teku, jazira tsibiri, jam'insa juzur. Markab ko ƙarib shi ne kwalekwale, abbara kuwa babban jirgin fito mai ɗaukar mutane da motoci. Amma kalmomi biyun da muke so ku haddace su ne hajaz, wato kama wuri tun da wuri, da jadwal, wadda Hausa ta ara ta mai da ita jadawali. A Saudiyya ta yau za ku ji "hajaz" a bakin kowa. Shiga Rauda a masallacin Madina sai an kama lokaci ta manhajar Nusuk. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Jidda da Madina, kujerunsa kan ƙare a lokacin cunkoso. Wanda ya saba da zuwa tashar mota ya jira ta cika, to can sai ya sake hali.

Mas'ala ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce: me zai fara, umra ko hutu? Da yawa suna cewa bari mu sauka Jidda mu huta kwana biyu, mu ga teku, sannan mu ɗaura harami mu shiga Makka, tun da tsakaninsu bai wuce kilomita 80 ba. A nan ake faɗawa cikin matsala. Wanda ya fito da niyyar umra ba ya wuce miƙati sai da harami, kuma wanda ya wuce bai koma ba, jini ya hau kansa, wato yanka. Mafi yawan malamai ba su ɗauki Jidda a matsayin miƙati ga mai zuwa daga nesa ba. Sannan ku lura, jiragen da muke shiga daga Akra galibi sai sun yada zango a wata ƙasa. Wanda ya bi ta Alƙahira daga arewa zai shigo, daura da Juhfa. Wanda ya bi ta Adis Ababa daga kudu zai shigo, daura da Yalamlam. Wanda ya bi ta Dubai daga gabas, daura da Ƙarnul Manazil. Ashe tikitin da ajan ya yankar maka shi ne yake nuna miƙatinka. Saɓanin malamai yana kan wanda ya miƙo daga yamma sosai, ta kan Sudan, ya isa Jidda bai yi daura da ko ɗaya ba. Wasu sun yarda ya ɗaura a Jidda. Wannan a tambayi malami tun a gida, tikiti a hannu.

Hanya mafi sauƙi guda biyu ce. Ko dai ka ɗaura harami kafin miƙati, ka gama umrarka, sannan ka dawo Jidda da zuciya sake. Ko kuwa ka wuce Madina tukuna, ka ɗaura a Zul Hulaifa, wurin da ake kira Abyar Ali, lokacin da ka nufi Makka. Ko wace ka zaɓa, kwanakin teku su zo a ƙarshe.

Mas'ala ta biyu ita ce ƙidayar kwanaki, domin salla ta rataya a kanta. A mazhabar Imamu Maliku, wadda yawancinmu muka tashi a kanta, matafiyi yana ƙasaru idan tafiyarsa ta kai mil 48, kimanin kilomita 80. Idan ya yi niyyar zama a gari kwana 4 cikakku, wato salloli 20, ƙasaru ta yanke, sai ya cika. Idan ya bi liman mazaunin gari kuma, cikawa zai yi. To wanda bai san ko kwana 3 zai yi a Jidda ko kwana 5 ba, ta yaya zai san raka'a nawa zai yi a azahar ɗin farko? Kun ga jadawali ba aikin 'yan boko ba ne kawai.

Yanzu mu zo ga garin kansa. Jidda tsohuwar ƙofa ce. A shekara ta 26 bayan hijira Halifa Usmanu bin Affan (R.A.) ya mai da ita tashar jiragen ruwan Makka, a maimakon Shu'aiba, inda sahabbai na farko suka shiga jirgi zuwa Habasha. Tsohon garin, Al-Balad, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2014. Gidajensa da dutsen murjani aka gina su, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, waɗanda suke shigo da iska su kuma tsare mutanen gida daga idon mai wucewa. Akwai gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, da masallacin Shafi'i, da kasuwar Alawi. Wannan wuri na bayan la'asar ne zuwa dare. Jidda gari ne mai raya dare; wanda ya fita da hantsi rana ce kawai za ta karɓe shi. Haka bakin teku, Kornish: a je masallacin Rahma, wanda aka gina a kan ruwa a 1985, a yi magariba, sannan a kalli ruwan nan na Sarki Fahad mai tashi sama kusan mita 300. Akwai kuma maƙabartar da mutane suke danganta wa Nana Hauwa'u, har wasu suna cewa daga nan sunan garin ya fito, tun da jadda kaka ce a Larabci. Labari ne da ake faɗa, ba abin da za a gina aƙida a kansa ba.

Ku rubuta abu uku a saman takardarku. Agogon Saudiyya yana gaba da namu na Gana da awa 3. Hutun mako a can Juma'a da Asabar ne tun 2013, don haka a ranakun nan bakin teku kan cika. Sannan watan tafiya: a Agusta zafi kan kai digiri 38 ko fiye, ga gumi mai maƙale wa jiki, a Disamba da Janairu kuwa da sauƙi. Sai dai ɗan ruwan saman da garin yake samu a wannan tsakanin yake zuwa, wani lokaci da ƙarfi. Ambaliyar Nuwamba 2009 ta ci rayuka fiye da 100. Idan an yi gargaɗin hadari, a fasa fita teku, ko da an biya.

Masu son shiga ruwa daga Abhur suke tashi, kimanin kilomita 30 arewa da tsakiyar gari. Wurin da kuka fi gani a hotuna shi ne Bayada. Ana kiransa tsibiri, amma ruwa ne marar zurfi a kan murjani a tsakiyar teku, kada mutum ya sa ran tudun da zai shimfiɗa darduma. To ina salla? A mashhurin mazhabarmu, rangwamen haɗa salloli biyu na matafiyin tudu ne, ban da na ruwa, ko da yake wasu mazhabobin sun yarda da shi a ko'ina. Maganin abin shi ne agogo. A Disamba azahar a Jidda tana shiga wajen ƙarfe 12:20, magariba kuwa kafin ƙarfe 6. Wanda ya kama fitar safe zai dawo ya yi azahar a masallaci. Wanda salla ta riske shi a jirgi, ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, sai ya yi alwala da shi, ya fuskanci alƙibla, ya tsaya idan zai iya, ya zauna idan igiyar ruwa ta hana. Wandon wanka ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa, a saye shi tun a gida. 'Yan'uwa mata su tambaya tun kafin biya ko jirgin na iyali ne ko na gamayya. Kuma mu faɗi gaskiya: yawancinmu 'yan zango ba mu iya iyo ba, iyakarmu mu tsoma ƙafa a Labadi. Babu kunya a sa rigar ceto.

Tsibiri na gaskiya, mai ƙasa da mutane da masallatai, shi ne Farasan. Ga dalilin dariyar mai tasin nan: Farasan ba a gefen Jidda take ba. Sai an tafi Jazan, kimanin kilomita 700 kudu, ta jirgin sama ko doguwar tafiyar mota, sannan a shiga abbara fiye da awa ɗaya. Abbarar tana da sa'o'inta, kuma sai da tikiti da takardun shaida. Tarin tsibirai ne gommai, UNESCO ta sa su cikin wuraren halittu masu kariya a 2021. Akwai barewa, da kurmin itatuwan da suke tsirowa cikin ruwan gishiri a Ƙandal, da gidan Rifa'i, wani attajirin lu'ulu'u na farkon ƙarnin da ya wuce, da tsohon masallacin Najdi. Wajen watan Afrilu kuma ana bikin kamun kifin harid. Wanda ya nufe ta ya ware kwana 3 aƙalla: na zuwa, na zama, na dawowa, kuma kada na dawowar ya zama ranar jirginsa na gida. Jazan tana kusa da iyakar Yaman, inda aka shiga yaƙi a 2015, don haka a bincika halin tsaro kafin a yanki tikiti. Ga wani abin da zai ba ku mamaki: mun saba alƙibla gabas ce, a Jidda ma gabas ce, a Madina kudu, amma a Farasan arewa za ku fuskanta, da ɗan karkata yamma.

Game da takardu, tun 2022 aka ba mai bizar umra damar zagaya sauran garuruwan ƙasar. Amma dokokin biza suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, sai a nemi ajan ya faɗi ranar ƙarshe ta fita a rubuce. Kada wani ya ce zai ɓuya ya jira hajji; ƙarshensa tara da kora da hana dawowa, ga zubar da mutuncin 'yan'uwa masu zuwa a baya. Kuɗi kuwa lissafinsu da sauƙi, domin riyal 3.75 ne dala ɗaya tun 1986. Sidi ne yake rawa, ba riyal ba. A raba guzuri ambulan uku: na ibada da masauki, na tsaraba, na teku. Idan na tsaraba ya ƙare, ya ƙare. Iyaye mata za su yi haƙuri.

Ku bar wa zumunci yamma ɗaya. A Jidda da Makka akwai jikokin mutanenmu da suka tafi hajji da ƙafa, suka ratsa Sudan, suka ƙetare teku daga Sawakin, suka zauna. Su ne masu laƙabin Hausawi. Masu son ƙwallo sun san Usama Hausawi, kyaftin ɗin Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018. Gidaje da yawa a Nima da Aboabo suna da wani kawu ko wata gwaggo a can. A karɓi lambar wayarsu wurin tsofaffi, a kira tun kafin a tashi, kada a faɗa wa mutane gida ba sanarwa.

Aikin gida: kowa ya ɗauki takarda ya zana jadawalin kwana 10, ko yana da kuɗin tafiya ko ba shi da su. A kowace rana ya fara rubuta lokutan salla biyar, sannan ya cika tsakaninsu. Ya nuna hanyar jirginsa da miƙatinsa, da ranakun ƙasaru da na cikawa, ya kuma bar rana ɗaya fanko saboda gajiya ko hadari. Sunayen ranaku da na wurare a rubuta su da Larabci. A kawo ranar Asabar bayan la'asar, za mu duba tare.