Babur na mutuwa a hanya: mi ya kamata a duba?

Tsohon babur yakan mutu tsakar daji, ran kasuwa ko ranar kai maras lafiya likita. Sau da yawa injin bai lalace ba, dauɗa ce kawai. Injin yana bukatar abu 3: esansi, iska da wuta. In ɗaya ya yanke, sai ya tsaya. A duba su bi da bi kafin a kashe kuɗi.

1. Esansi

A murfin tanki akwai ƴar kafa ta shigar iska. In ƙura ta toshe ta, esansi ba ya sauka: babur ya yi tafiya kaɗan, ya mutu. A buɗe kafar da allura. Esansin kwalba kuma yakan zo da ruwa ko rairayi. A tace shi da ƙyalle mai tsabta. A kwance ƙusar gindin karbureta, ruwan da ya kwanta ya zube.

2. Iska

Ƙurar hunturu tana cika matatar iska. In ta soso ce, a wanke ta da kananzir, a matse, a shanya, a ɗiga mata man inji kaɗan.

3. Wuta

A cire buji, wanda wasu ke kira fulogi. In bakinshi ya yi baƙin kunkunniya, esansi ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne alamar lafiya. A goge shi, a maida mishi hularshi, a jingina shi jikin inji, a taka. Wuta shuɗiya mai ƙarfi ake so. Kada a riƙe shi da hannu.

In wutar ta yi rauni, a bi wayoyi. A kashe makulli, a zare kowace mahaɗa, a kankare tsatsa da takarda mai kaushi, a maida, a ɗaure tamau. Kada a manta da wayar da ke ɗaure jikin ƙarfen babur. Akwatin CDI ba a buɗe shi, ba a zuba mishi ruwa. Bakinshi kaɗai ake gogewa.

Batir: a fara cire wayar da ke da alamar (-). Farin garin da ke kan batir yana fita da ruwan kanwa, amma kada ruwan ya shiga ciki. A shafa giris, a maida wayar (-) daga ƙarshe.

Babur da ke mutuwa in ya yi zafi, ya tashi in ya huce, wataƙila bobin ɗinshi ya gaji. Wannan aikin makanike ne.

Gargaɗi: ba taba, ba fitila, ba garwashi kusa da esansi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa 3 inji ke bukata?
2. Wace waya ake fara cirewa a batir?
3. Mi ke kawo baƙin buji?