Ba Kowane Kumburin Muƙamuƙi Ba Ne Hangum

'Yar'uwa, da zarar gefen fuska ya kumbura, sai mu ce ai hangum ne, zai saɓe. To, hangum ya fi kama yara, kuma yakan tafi cikin kwana 10 ko makamancin haka. Wanda ya wuce haka, ko yake tafiya yana dawowa, yana buƙatar hoton asibiti.

Wuraren da ke samar da yawu manya guda 6 ne: biyu a gaban kunnuwa, biyu a ƙasan muƙamuƙi, biyu a ƙarƙashin harshe. Kowanne yana da siririyar hanyar da ke kai yawun cikin baki. Wani lokaci 'yar tsakuwa kan taru ta toshe hanyar, musamman ta ƙasan muƙamuƙi, kuma ƙarancin shan ruwa na taimaka mata. Alamarta ba ta ɓuya: kina fara cin abinci, balle mai tsami, wurin ya tashi da zafi, bayan ɗan lokaci ya sauka.

Hoton da likita kan fara nema shi ne sikanin, irin dai wanda ake yi mana a awon ciki. Za a shafa man nan mai sanyi a wuya, a ɗora na'urar. Babu zafi, babu yanka, kuma ba ya cutar da mai juna biyu. Yana nuna tsakuwa, da ruwan mugunya idan ya taru, da ƙari. Eksire na yau da kullum wani lokaci ba ya kama tsakuwar, don haka kada ki ce likita na neman kuɗinki ne idan ya tura ki CT. Idan ƙari ne, yana iya neman MRI don ganin zurfinsa, ko ya zuƙi ɗan kaɗan da siririyar allura a auna.

Yawancin ƙarin gaban kunne ba daji ba ne. Amma don Allah kada a kai wa wanzami ya tsaga. Jijiyar da ke motsa fuska ta cikin wurin ta bi. Idan aka taɓa ta, baki na iya karkacewa, ido ya ƙi rufuwa.

In kina da ciki, ko kina zato, ki faɗa kafin a yi miki eksire ko CT. Ranar MRI kuma a bar 'yan kunne da sarƙa a gida, har da fil ɗin hijabi, domin na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske.