AWON ƘARFIN SILINDA KAFIN SAYEN TSOHUWAR MOTA

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Mutum ya kan tara kuɗinsa shekara da shekaru, ya sayi motar da wani ya riga ya mora, ya duba fenti da tayoyi, amma ya manta da inji. Bayan wata biyu sai mota ta kwanta, kuɗin gyara ya nemi cinye abin da ya rage masa. Akwai awo mai sauƙi wanda zai tsare shi daga wannan hasara.

Injin ƙananan motoci galibi yana da silinda 4 ko 6. Cikin kowace akwai fistan mai hawa da sauka. In ya sauka sai ya zuƙo iska da fetur, in ya hau sai ya matse su, sa'an nan fulogi ya ba da wuta. Wannan matsi shi ne tushen ƙarfin mota. Abu uku ke hana shi zurarewa, watau ringin fistan, da bawul, da gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. In ɗayansu ya lalace, silindar nan za ta kasa 'yan'uwanta, inji ya riƙa karkarwa in yana tsaye, mota ta yi nauyi a hawa, ta yawaita shan mai.

Ga yadda makaniki ke awon. Da fari a ta da inji ya yi ɗumi, kāna a kashe shi. A yanke wutar kwayil, a tsai da famfon fetur, a fid da fulogi duka. A ɗaura geji a ramin fulogi na farko, a taka totur har ƙasa, a murɗa makulli inji ya juya sau 5 ko 6. A rubuta abin da geji ya nuna, a bi sauran silinda haka. Lalle batir ya kasance da caji sosai, in ba haka ba awo zai yi ƙarya.

Lafiyayyen injin fetur ya kan nuna tsakanin laba 120 da 180 a kan kowane inci murabba'i. Amma abin lura shi ne daidaito. Kada mafi ƙanƙanta ta kasa mafi girma da fiye da kashi 10 cikin 100. Misali, a ce an sami 150, 145, 110 da 148. Ushirin 150 shi ne 15, don haka duk wadda ta kasa 135 tana da ciwo. Silinda ta uku ke nan.

To, saura a san irin ciwon. A zuba baƙin mai cokali guda a ramin fulogin silindar, a sake awo. In allura ta tashi sosai, ringi ne ya cinye, domin mai ya toshe kafar na ɗan lokaci. Wannan ciwo ya kan zo da shuɗin hayaƙi a salansa, ƙura kuwa tana gaggauta shi in matatar iska ta lalace. In allura ba ta motsa ba, sai a zargi bawul, ko ya ƙone ko ba ya rufewa sosai. In silinda biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, galibi gasket ne ya fashe a tsakaninsu. In ya fashe ta hanyar ruwa, za a ga farin hayaƙi, da kumfa cikin lagireto, baƙin mai kuma ya koma kamar madara.

Gyaran bawul da na gasket aikin kan inji ne kaɗai. Ringi kuwa sai an kwance fistan, kuɗinsa ya fi yawa ƙwarai. Injin dizal yana da nasa geji dabam, domin matsinsa ya ninka na fetur.

Saboda haka mai saye ya tafi da makanikin da ya amince da shi, a yi awo a gabansa kafin ya biya. In lambobi sun daidaita, sai a shiga ciniki. In sun saɓa, ya nemi ragi gwargwadon kuɗin gyara, ko ya haƙura. In mai mota ya ƙi a auna, mai saye ya riƙe kuɗinsa ya nemi wata.