RUWAN DA KE ƁATA HAƘORI DA ƘASHI

Manomin Lolo, cikin ƙasar Bagudo a bakin iyakar Binin, ya san ruwa. Ga Kogin Kwara kusa, ga fadamun shinkafa. Amma ruwan kogi na ɗauke da ƙwayoyin cuta, saboda haka mutane suka fi son rijiyar burtsatse. Wannan daidai ne. Sai dai fa ba kowane ruwa garau ba ne mai lafiya.

MENE NE FULORAYID?

Wani irin gishiri ne da ke cikin waɗansu duwatsu na ƙarƙashin ƙasa. Ruwan da ya daɗe kwance cikin dutse shi ya fi narkar da shi, don haka aka fi samunsa a rijiyoyi masu zurfi. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, har ana sa shi a man goge baki. Yawansa shi ne cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka haddi tun 1984, watau miligiram 1.5 cikin lita guda ta ruwa. Nijeriya ma ta ɗauki wannan haddi a ƙa'idar ruwan sha ta 2007. A ƙasa mai zafi kuwa, inda mai aikin gona kan sha ruwa da yawa, abin da ke shiga jikinsa ya fi na mutumin ƙasar sanyi.

ABIN DA YA SAMI TIBIRI

Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ta sami ruwan famfo daga wata rijiya mai zurfi a cikin shekarun 1980. Mutane suka yi ta sha shekara da shekaru, ba su san fulorayid ɗin cikinsa ya ninka haddi fiye da sau uku ba. Sai aka fara ganin yara da jajayen haƙora, waɗansu ƙafafunsu sun karkace, waɗansu sun kasa girma. Ɗaruruwan yara suka nakasa kafin a daina shan ruwan. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan al'amarin. A Nijeriya kuma an san ɓacin haƙori irin wannan a Kaltungo ta Jihar Gombe da Langtang ta Jihar Filato.

ALAMU

Cutar kan kama haƙori tun yana cikin dasashi, watau kafin yaro ya kai shekara 8. In haƙoran girma suka fito, sai a ga farin tabo kamar alli, daga baya ya koma ja-ja, ya yi ramuka. Jan goro ko na fure a bisa haƙori yake. Wannan kuwa a cikin jikin haƙorin yake, asawaki ba ya fid da shi. Kadan yaran unguwa guda masu shan rijiya guda suka yi haka, to, a tuhumi rijiyar. In abin ya yi tsanani kuma ya daɗe, yakan shiga ƙashi, ya kawo ciwon gaɓoɓi da sandarewar baya.

Dabbobi ma ba su tsira ba. Maraƙin da ya tashi da irin wannan ruwa haƙoransa kan cinye da wuri, ya kasa kiwo, ya rame. Sa kuma yakan yi ɗingishi, ya gaza jan garma. Takin sufa ma yana da fulorayid, saboda haka kada a bar buhunsa inda shanu za su lasa.

ABIN YI

1. Kowace rijiya da halinta, ko da a gari guda. Kafin a fara shan sabuwar burtsatse, a ɗebi ruwan cikin tsabtatacciyar gorar roba, a kai wa ma'aikatan ruwa a Birnin Kebbi, a ce musu a auna har da fulorayid.

2. Tafasawa takan kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fid da wannan gishiri. Ruwa ne ke tashi tururi, shi kuwa ya zauna a tukunya. Tacewa da ƙyalle ma ba ta kama shi.

3. In rijiya ta wuce haddi, a bar ta don wanki da wanka. Ruwan sha da na girki a nemo daga wadda aka auna aka ga lafiya, ko a tari ruwan sama da damina a randa mai murfi. Yara ƙanana su za a fara ba.

4. Inda ba wani ruwa, ana tace shi da gawayin ƙashin shanu kamar yadda ake yi a Kenya, ko a sa alif da farar ƙasa kamar yadda ake yi a Indiya. Duka biyu sai da awo, sai da gwani ya nuna.

5. Uwa ta ci gaba da shayarwa, gama nononta ba shi da fulorayid sai ɗan kaɗan ƙwarai. Yara kuma a ba su nonon shanu, da zogale, da miyar kuka, da ƙananan kifi, don su gina ƙashi.

Haƙorin da ya riga ya ɓaci ba ya komawa da canjin ruwa, amma ƙannen da ke tasowa za su tsira. Kuɗin awon gora guda bai kai na sa guda da ya gurgunce ba, balle ɗa. Allah Ya ba da damina mai albarka.